Kwana Uku a Mirissa

Ranar da Nilanti ta bar aiki a gidansu da ke unguwar Abu Hail ta Dubai, Muhsinat ce da kanta ta kai ta filin jirgi. Ta taya ta ɗaure akwatuna, ta ƙara mata atamfa biyu da turaren wuta, suka rungumi juna a bakin ƙofar shiga har da 'yar ƙwalla. Da ta dawo mota ta kama sitiyari, sai ta ji ƙirjinta wasai kamar an sauke mata buhu. Ba ta faɗa wa kowa ba, ko mijinta Rilwanu.

Nilanti 'yar ƙasar Sri Lanka ce, gajeriyar mace mai sanyin murya, shekarunta za su kai arba'in. Shekara huɗu da rabi ta yi tana rainon 'yarsu Khairunnisa, wadda suke kira Khairi, tun yarinyar tana da wata shida. Muhsinat a ɗakin magani na wani asibiti take aiki a Deira, sati guda safe, sati guda yamma. Rilwanu kuwa yana Jebel Ali, a kamfanin da ke tura kwantenoni, yana fita kafin rana ta ɓullo, ba ya dawowa sai bayan magariba. Don haka haƙorin Khairi na farko Nilanti ce ta fara gani. Takun farko ma a waya Muhsinat ta kalle shi, tana tsaye a bakin aiki, wani tsoho yana jiran maganin hawan jininsa.

Babu abin da za ta ce matar ta yi mata. Ba ta ƙarya, ba ta ɗauke-ɗauke, ta koyi tuƙa tuwon shinkafa, har kitso ta koya a wurin maƙwabciyarsu Wasila, 'yar Damagaram. Wannan ɗin ma shi ya fi cin ran Muhsinat. Da akwai laifi da ta samu abin kamawa.

Tun Khairi tana shekara biyu take yawan cewa "amma". Muhsinat takan yi dariya, ta ce yarinya tun yanzu ta iya musu. Sai wata Juma'a ta ji Nilanti tana waya da 'yarta da ta baro a gida, yarinyar can tana ta cewa "Amma, Amma". Da ta tambaya, Nilanti ta sunkuyar da kai ta ce a yarensu haka ake kiran uwa. Muhsinat ta hana, Nilanti ma ta yi ta kwaɓa, amma bakin yarinya ya riga ya kama. Ita Muhsinat "Mami" ce.

A gidan da ta tashi a Gwammaja, uwa ba ta rungumar 'yar fari a gaban mutane, ko sunanta ba ta kamawa. Muhsinat ta yi boko, ta bar ƙasa, ta ɗauka ta baro wannan alkunya a Kano, ashe hannunta bai saba ba. Nilanti kuwa a tsakiyar kanti sai ta ɗaga yarinyar ta tusa hanci a wuyanta, su yi ta ƙyaƙyata dariya.

Tafiyar Nilanti ba ta dawowa ba ce. Mahaifiyarta ta tsufa, 'yarta ta fara girma. A watan Oktoba na 2017 ta tafi, kuma tun daga ranar Khairi ta daina cin abinci. Ba ta kuka, ba ta rigima. Za ta dawo daga makaranta, ta zauna a wurin Wasila har iyayenta su dawo, a sa mata faranti, ta yi cokali biyu ta ture. Muhsinat ta gwada lallashi, ta gwada tsawa, ta kawo maganin ƙarin cin abinci daga wurin aiki. Duk a banza.

Wata Asabar suna karyawa Rilwanu ya ce, "Maman Khairi, hutun Disamba ya kusa. Nilanti ta ce mu zo garinsu."

"Mu je mu yi me?"

"Mu sha iska. Mijinta a jirgin da ke kai mutane kallon kifin wel yake aiki. Kin san tun yaushe yarinyar nan take zancen kifin nan."

Ta sani. Wel shi ne ƙaton kifin teku da ake cewa irinsa ne ya haɗiye Annabi Yunusa, alaihis salam. Nilanti ta sha gaya wa Khairi cewa na garinsu ya fi motar bas biyu tsawo, kuma ta tsakiyar kansa yake numfashi.

"Teku ce ba mu da ita a Dubai?" in ji Muhsinat. "Ga bakin tekun Mamzar nan, minti goma."

"Dubi wuyanta," Rilwanu ya ce a hankali, yana nuna Khairi da ke kwance a kan kafet. "Siket ɗin makaranta ma zamewa yake yi."

Ta yarda, don ƙin yarda yana buƙatar dalili, dalilinta kuma ba na faɗa ba ne.

Biza ta ɗan ja su, amma ta fito. Suka yi awa huɗu da rabi a sama zuwa Colombo, sannan awa uku a mota zuwa kudu. Mirissa ƙaramin gari ne a bakin teku, ko'ina bishiyar kwakwa, kwale-kwalen masunta masu fenti ja da shuɗi a jere a tasha, iska tana kawo ƙarnin busasshen kifi irin na layin masu banda a kasuwar Sabon Gari. Gidan su Nilanti yana bayan tashar, ɗaki uku da rufin jan tayil.

Mota ba ta gama tsayawa ba Khairi ta fara kokawa da ƙofa. Tana fita ta zura a guje, takalmi ɗaya ya fice, ta yi tsalle ta maƙale a wuyan Nilanti. Muhsinat ta tsuguna ta ɗauki takalmin. Ta daɗe tana kaɗe masa yashi.

An shimfiɗa musu abinci: shinkafa, kifi a miyar kwakwa, wake da wani ganye. Nilanti ta zaunar da Khairi a cinya tana dunƙula loma da yatsu tana ba ta. Yarinyar ta cinye faranti, ta nemi ƙari.

"Alhamdu lillahi," Rilwanu ya ce, yana murmushi har kunne. "Kin gani ko?"

"Na gani," in ji Muhsinat.

Bayan an gama, Nilanti ta shafa kan Khairi. Jiya-jiya Muhsinat ta zauna awa biyu ta yi mata ƙananan shuku don tafiyar. Nilanti ta tura yatsa a gefen goshi, ta ce da turancin da suke yi da juna, "Madam, nan ya ɗan yi tsauri, ga ƙuraje sun fito." Kafin Muhsinat ta ce wani abu, an kawo man kwakwa, an warware layi biyu na gaba, an sake kitsa su sako-sako. Khairi ta kwantar da kai tana lumshe ido. Da Muhsinat take yi mata, kuka ta yi ta yi.

Duk wannan lokacin akwai wata yarinya tsaye a bakin ƙofar kicin, doguwa siririya, gashi har baya. Sanduni ke nan, 'yar Nilanti, shekararta goma sha biyu. Ta kawo shayi ta dire ba ta dubi kowa ba. Rilwanu ya gaishe ta, ta gyaɗa kai kawai. Muhsinat ta ce a ranta, mai iya rainon 'ya'yan wasu, ga nata ko gaisuwa ba ta iya ba. Tunanin ya ɗan yi mata daɗi.

Washegari bayan sallar asuba suka sauko tasha daga masaukinsu. Jirgin mai hawa biyu ne, cike da Turawa da 'yan China, kowa da kyamara a wuya. Sunil, mijin Nilanti, wani baƙin mutum mai faɗin kafaɗa, ya raba musu rigunan ceto masu ruwan lemo. Sanduni ma ta zo, da alama dole aka yi mata.

Nilanti ta miƙo wa Muhsinat wata 'yar ƙwaya a tafin hannu. "Madam, ki sha wannan. Tekun nan ba irin ta Dubai ba ce."

Muhsinat ta san ƙwayar sarai, kullum tana ba matafiya irinta. Tata ma tana cikin jaka a masauki, mantawa ta yi.

"Ni za ki koya wa magani?" ta ce tana 'yar dariya. "Bar shi, ba na jiri."

Ta kama hannun Khairi ta zaunar da ita kusa da ita a hawa na ƙasa. Ta ƙudurta a ranta cewa duk abin da za a gani yau, a jikinta yarinyar za ta gan shi.

Awa ta farko lafiya lau. Gari ya waye, bishiyoyin kwakwa suka ƙanƙance har suka ɓace. Daga nan ruwan ya canza, ya yi duhu, jirgin ya fara hawa yana gangarawa kamar mota a kan tudu. Muhsinat ta ji yawu yana taruwa a bakinta. Ta kafa ido a wuri ɗaya, ta yi ta salati a zuci. Khairi tana ta mutsu-mutsu.

"Mami, mu hau sama. Amma ta ce a sama ake gani."

"Zauna. A nan ma za a gani."

"Mami, kin matse min hannu."

Ta yi ta daurewa har kusan ƙarfe tara. Sai cikinta ya juya gaba ɗaya. Ta saki hannun yarinyar ta ruga bayan jirgi, ta kama ƙarfe, ta yi ta amai har ba abin da ya rage. Rilwanu ya zo ya riƙe mata mayafi, ya ba ta ruwa.

"Sannu. Da kin sha maganin nan."

"Je ka kula da yarinya," ta ce ba ta ɗago ba.

"Tana wurin Nilanti, sun hau sama. Ki ɗan kwanta a benci, yanzu zan dawo."

Ta kwanta. Hawa na ƙasa ya zama wayam, kowa ya koma sama, sai wata Baturiya da ke cikin irin halinta, sai kuma Sanduni a ƙarshen bencin, ta haɗa gwiwa da ƙirji. Yarinyar ba teku take kallo ba. Matakalar da ke hawa sama ta ƙura wa ido, inda ake hango ƙafar uwarta da ƙananan ƙafafun Khairi suna lilo a gefen ƙugunta.

Can injin ya rage ƙara. Wani ya yi ihu, jirgin ya karkata saboda kowa ya ruga gefe guda. Muhsinat ta ji wani irin huci mai ƙarfi daga cikin ruwa, sannan muryar Khairi ta keto ta cikin hayaniyar, muryar da ta yi wata biyu ba ta ji ba.

"Amma! Amma, duba! Ga shi can!"

Muhsinat ta yunƙura ta miƙe, jiri ya mayar da ita. Ta sake dafa ƙarfe ta ja jiki zuwa gefen. Kafin ta isa, mutane sun saki wani dogon "ooo" suna tafi. Abin da ta tarar kawai wani faffaɗan wuri ne a kan ruwan, sumul kamar an zuba mai. Kifin ya nutse.

Da ta juyo sai ta ga Sanduni ba ta ko motsa ba, ta ma juya wa gefen baya.

"Ba ki son gani?" Muhsinat ta tambaye ta da turanci. "Ko kin gaji da ganinsa?"

"Ban taɓa gani ba," in ji yarinyar. Turancinta na makaranta ne, tana ajiye kalma ɗaya bayan ɗaya. "Ta ce in ta dawo za mu je tare, ni da ita. Wata biyu ba mu je ba. Da kuka ce za ku zo, sai ga mu."

Muhsinat ta zauna.

"Yaushe za ku tafi da ita?" Sanduni ta tambaya.

"Da wa?"

"Da Amma. Mijinki ya kira sau uku. Na ji suna magana da babana. Ya ce zai yi mata sabuwar biza a watan ɗaya."

Muhsinat ta dubi matakalar. Yanzu ƙafafun mutum uku ake gani a jere, na Rilwanu sun ƙaru, ya sunkuyo yana nuna musu hoton da ya ɗauka, su ukun suna dariya. Duk wanda ya gan su daga nesa zai ce iyali guda ne.

"Ina da shekara bakwai ta tafi," Sanduni ta ce, kamar da kanta take magana. "'Yarki ta san waƙoƙinmu duka. Ni kakata ce ta yi min su."

Sun ga kifin sau biyu bayan nan, in ji waɗanda ke sama. Muhsinat ba ta sake tashi ba.

Da rana tsaka suka dawo tasha. Khairi ta yi barci a kafaɗar Nilanti, aka wuce da ita gida. Muhsinat ta riƙe rigar Rilwanu ta baya, suka tsaya kusa da inda masunta ke shanya raga.

"Abban Khairi, wace biza ce za ka yi a watan ɗaya?"

Ya sosa ƙeya. "Wa ya gaya miki? Na so sai mun koma masauki in yi miki bayani."

"Tun yaushe?"

"Sati uku ke nan. Tambaya kawai na yi, ba a yanke komai ba."

"Sati uku kana waya da ita, ni ina cikin gidan kamar kujera."

"Haba, Muhsinat. Don sauƙinki na yi. Kina dawowa a gajiye, ki yi ta bin yarinya da cokali."

"Ka tambaye ni sauƙina?"

"To me kike so in yi?" Muryarsa ta ɗan hau. "Ke ma kin gani da idonki. Jiya ta ci faranti biyu. Yau kin ji dariyarta. Gaskiya ɗaya ce, yarinyar nan ta fi walwala in matar nan tana kusa."

Bai faɗa don ya ɓata mata rai ba, ta san haka. Shi ya sa ma maganar ta shige ta sosai. Ta saki rigarsa ta yi gaba, ƙasa tana yi mata lilo kamar har yanzu tana cikin jirgin.

Da la'asar ta sami Nilanti a bayan gida, zaune a kan wani ɗan benci mai ƙarfe a baki tana kankare kwakwa. Nilanti ta yunƙura za ta tashi, Muhsinat ta ce ta zauna.

"Na ji maganar dawowarki."

Nilanti ta ajiye kwakwar. "Madam, na ce wa Oga sai abin da kika ce. In kin ce in zo, zan zo."

"Ke kina son zuwa?"

Matar ta dubi hannunta. Ta ce tun da ta dawo Sanduni ba ta cin abin da ta dafa, sai na kakarta. A ɗakin kakar take kwana. In ta taɓa mata gashi sai ta janye kai. "Na dawo saboda ita, ita kuma kamar baƙuwa take ganina. A can na san abin da zan yi da hannuna. Khairi in ta ji motsina ma ta sani."

Muhsinat ta ji jimlar ƙarshen har cikin haƙoranta.

"Ki zauna da 'yarki," ta ce. "Wata biyu ba komai ba ne. In kin sake tafiya yanzu, shi ke nan, ba za ki same ta ba. Khalas, maganar dawowa ta mutu."

Nilanti ta fashe da kuka. Ta kamo hannun Muhsinat da hannunta mai danshin kwakwa ta ɗora a goshinta, tana cewa Madam mai kirki ce, Madam ta fi ta tunani, ita da son ranta ne da ta sake yin kuskure. Muhsinat ta tsaya ta bar mata hannun. Abin da ta faɗa gaskiya ne, ko a gaban wa za ta maimaita shi. Amma ta san ko da babu wata Sanduni a duniya, amsar da za ta bayar ke nan.

Rilwanu bai yi musu ba da ta gaya masa. Ya ce, "Allah Ya sa haka ne mafi alheri," ya ci gaba da duba hotunan kifin a wayarsa.

Rana ta uku da safe motar Colombo ta zo. Sanduni ce ta fi kowa saurin kai jakunkuna but ɗin motar. Khairi ta gane abin da ake ciki, ta ƙanƙame siket ɗin Nilanti da hannu biyu tana ihu har maƙwabta suka leƙo. Rilwanu ya yi lallashi ya gaji. Muhsinat ce ta durƙusa ta ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta sungume ta a gaban kowa ta shiga mota. Yarinyar ta yi ta dukan ƙirjinta tana cewa ba ta sonta, ba ta sonta, har muryarta ta dushe. Muhsinat ba ta sassauta riƙon ba har suka hau babban titi.

Da suka koma Dubai ta nemi a bar ta a aikin safe kaɗai. Shugabar sashensu ta ce sai dai ta jira wata shida, akwai waɗanda suka riga ta nema. Wasila kuma cikinta ya tsufa, ta ce ba za ta iya ci gaba da riƙon Khairi ba. Dole aka koma neman mai raino.

Wata Asabar a ƙarshen Janairu ofishin da ke samo masu aiki ya turo mata uku zuwa gidan. Ta farko ba ta jin turanci ko larabci. Ta biyu wata budurwa ce 'yar Habasha, mai fara'a, tana shigowa ta durƙusa ta yi wa Khairi wani wasa da yatsu. Khairi, wadda har lokacin cokali uku take yi ta ture, ta yi dariya, ta je ɗaki ta ɗauko 'yar tsanarta ta nuna mata. Ta uku dattijuwa ce 'yar Uganda, mai tsafta, mai ɗaurarriyar fuska, ta yi shekara tara tana aiki a Sharja. Ta amsa kowace tambaya daidai, ba ta ko kalli inda yarinyar take ba. Khairi ta ɓuya a bayan kujera har matar ta fita.

Da aka rufe ƙofa Rilwanu ya ce, "Ai magana ta ƙare. Ta biyun nan."

"Ta yi yarinya da yawa," in ji Muhsinat tana kwashe kofuna. "Ta ukun ta fi sanin aiki."

Ya dube ta, ya daɗe yana dubanta. Ita kuma ta ɗauki waya ta kira ofishin, ta ce dattijuwar ta fara ranar Lahadi.